Neman Defans Har Cadi

Tun da na dawo daga Cadi ban sayar da yadi ɗaya cikin kwanciyar hankali ba. Mutum zai shigo shagona a unguwar Rumde Ajiya, nan Garwa, ya shafa shadda, ya shafa atamfa, ya tambayi kuɗi, sai in ga ya jawo benci ya zauna ya ce, "To Alhaji Bawa, wai da gaske an ɗaure ka a kan iyaka?" Na ba da labarin nan har muƙamuƙina ya fara kuka kamar ƙofar langa-langa. Kuma duk wanda ya fita sai ya ƙara nasa. A unguwar Pumpumre an ce wai a kan giwa na dawo. Shi ya sa na ce bari in rubuta sau ɗaya, mai karatu ya karanta wa maras karatu, ni kuma in koma ciniki. Ba zan ƙara komai ba. Waɗanda suka san ni sun san ba na ƙari a magana.

Abin ya faro ne daga ɗana Sani. Yana ajin ƙarshe a kwaleji, kuma shi ne mai tsaron gida na 'yan ƙwallon makarantar. Yaro ne dogo, hannuwansa kamar faifai. Da yamma in suna gwaji tsakaninsu, ko sauro bai isa ya wuce shi ba. Amma ranar wasa, ranar da gari ya cika fili, sai Allah ya jarrabe mu. Da an ɗaga ƙwallo sama ta nufo gidanmu, sai ka ga 'yan bayanmu su huɗu sun juya da gudu sun yi kan Sani, su haɗu su zube tuli guda kamar buhunan gyaɗa, ƙwallo kuma ta sauko ta yi sallama ta shiga raga abinta.

Na zauna na auna yaran nan ɗaya bayan ɗaya, yadda nake auna yadi. Hamadu, shugabansu, Bafulatani ne, ƙafarsa kamar gora, ba ya gajiya. Buba ɗan'uwansa in ya yi tsalle sai ka ƙosa kafin ya sauko. Sauran biyun, ɗaya ɗan Kudu ɗaya Batufuri, ƙirjinsu kamar ƙofar gareji. Kowanne shi kaɗai ba shi da laifi. In aka haɗa su sai su zama abin da ba shi da suna.

Amma gari ba ya ganin 'yan baya. Gari wanda ya sunkuya ya ɗauko ƙwallo daga raga yake gani. Aka sa wa Sani suna Rariya. Yara na bin sa da shi har ƙofar gida. Daga baya Direktan kwalejin ya ce wasan da za a yi da 'yan Marwa shi ne na ƙarshe: in aka maimaita, a cire Sani a sa wani. Sani bai ce mini komai ba. Uwarsa ya gaya wa, cewa ranar da aka cire shi ba zai sake taka makarantar ba, zai bi motar Kudu ya zama karen mota.

"Wasa yake," na ce mata.

"Alhaji, ɗanka ne. Wa ya taɓa ganin ka fasa abin da ka ce, ko da shirme ne?"

Ga jarrabawa saura kaɗan. Sai na tafi taron iyayen yara na miƙe na yi jawabi. Na ce laifin ba na mai gida ba ne, na masu gadi ne. Wani ya ce akwai wani mai koyar da ƙwallo a garin Kayele, Misye Gasto, wanda yaransa suka zo nan suka yi mana wanka bara, kuma an ji yana son dawowa Garwa. Direkta ya ce in ya yarda zai ɗauke shi ya riƙa koyar da 'yan baya kawai. Ya dube ni ya faɗi magana da Faransanci, aka fassara mini: in je in nemo musu defans. Wato tsaron baya. Na riƙe kalmar nan da kyau, don ita ce kusan rabin Faransancina.

Kafin in tashi, majalisarmu ta riga ta gama sanin Misye Gasto, ko da yake ba wanda ya taɓa ganinsa. An ce in zai shiga ɗaki sai ya durƙusa. An ce ya taɓa sa wa ƙwallo kai ta fashe. Wani tela ya rantse akwai ɗan wasa a Fort Lami, babban birnin Cadi, da har yau in ya ji sunansa sai ya ɗingisa. Ni ma na ƙara da nawa, na ce cikin mako guda zai mai da yaranmu katanga. Ban san shi ba, amma ai ba a barin majalisa ta yi magana kai kana shiru.

A tasha direba ya dube ni, ya dubi motarsa, ya yi wa motar jaje. Ni mutum ne da Allah ya yi wa faɗi, ban ɓoye ba. Aka cusa ni tsakanin wani malami da buhun littattafansa da wata dattijuwa Bafulatana mai ƙwaryar kindirmo a cinya. Kafin mu wuce Fituwa, rami na farko ya raba kindirmon gida biyu, rabi a ƙwarya rabi a babbar rigata. Ta dube ni ta ce ba komai, ta yafe mini.

A Figil motar ta mutu. Garin farar ƙasa ne, ana ƙona ta ana niƙawa, kowa ka gani ya yi furfura har jarirai. Muka zauna a gindin bishiya direba yana ƙarƙashin mota yana zaginta da harsuna uku. Kafin ta tashi na tsufa da shekara ashirin, har malamin nan da ya girme ni ya fara ce mini Baba. Na bar shi.

Kayele kuwa auduga ce. A kan hanya auduga, a kan bishiya auduga, a cikin hanci auduga. Na sauka wajen wani mahauci, Malam Tanko, wanda ya ce kakansa Bakatsine ne. Hausarsa ta sha hanya ƙwarai kafin ta iso gare shi. Ya karɓe ni hannu biyu, ya ba ni ɗakin da yake ajiye fatu. Ban yi kaɗaici ba, duk ƙudajen garin sun zo gaisuwa. Aka kawo tuwon jar dawa. A gidana in ka sa yatsa a tuwo, tuwo ne ke ba da hanya. A nan yatsa ne ya lanƙwashe. Miyar yakuwa kuwa tsaminta ya sa na ga kakata da ta rasu. Amma na cinye, na ce a ƙaro, don ba a raina hannun mai masauki.

Da na tambayi Misye Gasto, Malam Tanko ya ce, "Ai hutu ake, ya tsallaka Lere wajen tsohuwarsa."

"Lere ta ina?"

"Ta Cadi mana. Nan kusa ne."

Mutanen can in sun ce nan kusa, ka ɗauki guzuri. Na hau bayan kamiyo, wato babbar motar auduga, da ya juye kaya, na riƙe ƙarfe, hanjina suka canja wurin zama, har muka iso kan iyaka.

Iyakar ba wani abu ba ce: gora guda a kan ganga biyu, da ɗaki mai hoton shugaban ƙasa, ɗan garinmu, yana kallon kowa kamar ya san abin da ke cikin jakarsa. Babban ɗan duwan ɗin, wato kwastan, mutumin Kudu ne, ba Hausa ba Fulatanci. Ya karɓi katina, ya juya shi, ya tambaye ni da Faransanci me zan je yi a Cadi. Na gyara riga mai kindirmo, na fito da kalmata.

"Defans, Shef. Sharshe defans." Wato defans za ni nema.

Ya ajiye alƙalami a hankali. "Defans?"

"Wi, Shef."

Ya tambayi nawa. Wannan na gane. Na tuna 'yan bayanmu huɗu ne, sai na ɗaga yatsu huɗu. Ya buɗe hannuwansa yana tambayar girma. Ni kuma na tuna maganar majalisa, na buɗe nawa iyakar ƙarfina, na miƙe a kan yatsun ƙafa, na nuna masa ko mutum biyu ba za su iya ɗagawa ba. Ya tambayi wa ya aiko ni. Na ce Direkta. Na ƙara da cewa duk iyayen yara sun sani, kuma gari gaba ɗaya yana jira.

Ban taɓa ganin mutum ya yi murna da baƙin ciki lokaci ɗaya kamar shi ba. Ya kira mutanensa. Aka zazzage jakata: tabarmar salla, buta, goro, da turmin atamfa da na riƙo wa matar Misye Gasto. Aka warware atamfar. Aka ƙwanƙwasa butar. Aka zaunar da ni a benci ƙarƙashin hoton, aka sa mai bindiga a ƙofa. Ba a ɗaure ni ba, masu faɗin haka su ji tsoron Allah. Igiyar da aka kawo ba ta zagaye ni ba.

Ina nan zaune ina tunanin abin da na yi wa gwamnati, sai wani jandarma ya dawo daga cin abinci yana sakace. Ya dube ni, ya sake duba, ya ce da Fulatanci, "Kai! Wannan ba baban Rariya ba ne?"

Duk duniya ba sunan da na tsana kamar wannan. Ranar nan na ji shi kamar kiran sallar magariba a watan azumi.

"Ni ne, ɗana, ni ne! Me na yi?"

Ya tambayi Shef, ya saurara, sai ya dafa bango. Da ƙyar dariya ta bar shi ya yi mini bayani. Ashe Bafaranshe, da duk yawan kalmominsa, kalma ɗaya ya ba tsaron baya da hauren giwa. Duka defans ne. Wato ni na tsaya gaban ɗan duwan, ƙarƙashin hoton shugaban ƙasa, na shaida masa zan shigo da hauren giwa huɗu manya, da sanin Direkta da iyayen yara.

Jandarman ya share hawaye ya yi wa Shef bayani. Ɗan Garwa ne, ba wasan da ya wuce shi. Na ga yana kwatanta yadda yaranmu ke zubewa, har ya kwanta a ƙasa don a fahimta. Daga baya ya gaya mini abin da ya rufe da shi: "Shef, a bar shi ya wuce. Wallahi suna buƙata."

A Lere na tambayi gidan, aka nuna mini wani gida mai rumbuna kewaye da shi kamar sojoji. A ƙofa na tarar da wani ɗan guntun mutum, siriri, da tabarau, yana gyaran keke. Na yi sallama na ce, "Samari, shiga ka ce wa Misye Gasto yana da baƙo daga Garwa."

Ya goge hannu ya ce da Hausar kasuwa, muryarsa ƙasa-ƙasa, "Alaji, ya ji."

Na dube shi daga sama har ƙasa, abin bai ɗau lokaci ba. Na tuna telan da ya rantse. Na tuna katangar da na yi alkawari. Wannan ko ƙofar kaji ba zai tare ba.

Mutanen kirki ne, 'yan ƙabilar Mundan, Kiristoci. Tsohuwarsa ta kawo mini ƙwaryar giyar dawa, da ta ga hulata sai ta ja da baya ta ba da haƙuri, ta dawo da kunun gyaɗa. Suna da wata al'ada da ta burge ni: in baƙo Musulmi ne, ba sa yanka masa kaza, wuƙa suke ba shi ya yanka da kansa don ya ci da natsuwa. A gidanmu baƙo zama yake a kawo masa. A nan sai da na yi aiki. Aka miƙo mini zakara, na karɓa, na gyara tsayuwa zan yi bisimilla, zakara ya ga wuƙa ya ce bai yarda ba.

Na bi shi. Ya zagaya rumbu, na zagaya. Ya bi ta ƙarƙashin keke, ban bi ba, amma na gwada. Matan gida suka fito, maƙwabta suka hau katanga. Misye Gasto bai motsa ba sai da ya ga na fara ganin taurari. Sannan ya yi taku biyu ya tsaya tsakanin rumbu da bango, ya sunkuya. Zakara ya zo da gudu ya shiga hannunsa kamar an aike shi.

"Alaji, ba a bin sa. Inda za shi ake tsayawa."

Na ce a raina, to, wataƙila ba a banza na sha kindirmo a riga ba.

Muna cin zakaran na buɗe maganar. Na fara jero masa yaran, ya ɗaga hannu.

"Na san su. Ranar da muka zo Garwa a bayan ragarku na tsaya. 'Yan bayanku sun fi nawa. Mai tsaron gidanku ma ya fi nawa."

"Ɗana ne."

"Na sani. Kunnuwan iri ɗaya ne. Alaji, a kwalejin nan da wane yare ake magana?"

Na ce Faransanci kawai. Wanda aka kama yana Hausa ko Fulatanci, ƙashin jaki ake rataya masa a wuya ya yini da shi.

"To. A gwaji malami na kusa, yaronka da Faransanci yake ihu, kowa ya gane, lafiya lau. Ranar wasa kuwa, gari na ihu, ƙwallo na saukowa, zuciya na bugawa, harshe gida yake komawa. Me Bahaushe zai ce in yana son a bar masa ƙwallo?"

"Bar ta."

"Da ƙarfi."

Na ajiye cinyar zakara na ce, "Bar ta!"

"Yanzu ka zama Hamadu. Ka ba shi baya, mutum dubu na ihu a kunnenka. Me ka ji?"

Ni da aka haifa a Garwa, na yi ciniki da Fulatanci tun ban fi tebur tsawo ba. *Wartu.* Wato ka dawo. Yaro na cewa a bar masa, su suna jin yana kiran su dawo. Hamadu da Buba su juya da gudu don su cece shi, sauran biyun su ga shugaba ya juya su bi shi. Bayan wasa kuma su yi faɗa da Faransanci, wannan ya ce kai ka kira mu, wancan ya ce ƙarya ne, malamin wasanninsu ɗan Kudu yana tsaye bai san me aka ce tun farko ba.

"Kai da ka ji, me ka yi?" na tambaye shi.

"Na ce wa yarana su riƙa ɗaga ƙwallo sama."

Bai yi dariya ba. Ni ma ban yi ba.

Na ce to ai da sauƙi, yaro ya riƙa cewa "Tawa!" Ya girgiza kai, ya ce a kunnen Bafulatani wannan kuma a tarar da shi ke nan, sai sun fi da gudu. Na ce ya yi Faransanci. Ya ce tsoro bai yi makaranta ba. Dole a sami kalmar da za ta fito daga cikin yaron da kanta, kuma kowa ya ji abu ɗaya. Ya ce zai yi tunani. Matarsa ta ga atamfa, ta ce tunanin a Garwa za a yi shi.

Da muka dawo kan iyaka, Shef ya hango ni ya fito da kansa, ya ce ina defans ɗin? Na nuna Misye Gasto da kekensa. Shef ya zagaya shi sau ɗaya, ya ce wannan giwar ba ta ci abinci ba, mu wuce. A cikin kamiyo Misye Gasto ya ce me ake nufi, na ba shi labari tun daga yatsu huɗu har igiya. A nan na fara ganin haƙoransa. Can sai ya ce, "Alaji, Fulani yaya suke kiranta?"

"Wa?"

"Giwa."

"Nyiwa."

Ya maimaita su biyun a hankali, ya gyara tabarau.

Majalisa ba ta ji daɗin ganinsa ba. Telan nan ya ja ni gefe ya ce, "Alhaji, ko dai ƙanensa aka ba ka?" Na ce su jira. Ni kaina jiran nake, don ya hana kowa zuwa wajen gwaji, Sani kuma in na tambaye shi sai ya sunkuyar da kai yana murmushi.

Ranar wasan Marwa fili ya cika har kan bishiyoyi. Direkta na zaune a inuwa, yaron da zai maye gurbin Sani na gefensa ya riga ya ɗaure takalmi. 'Yan Marwa sun sami labarinmu, ba su ɓata lokaci ba: taɓawar farko suka ɗaga ta sama. Na ga ƙwallo ta tsaya a sama tana zaɓen inda za ta faɗi. Na ga Hamadu ya fara juya wuya. Na rufe ido ɗaya.

Sai na ji muryar ɗana, wadda ban san yana da ita ba.

"GIWA!"

Wanda ya ji giwa na tafe, ko da wane yare ya ji, ba ya tsayawa tambaya. Hamadu ya yi gabas, Buba ya yi yamma, ɗan Kudu da Batufuri suka buɗe kamar ƙofar masallaci. Sani ya tashi shi kaɗai ya cafke ta ya rungume a ƙirji.

Sannan mutum dubu suka juyo gaba ɗaya suka dube ni. Ashe jandarman nan ya zo hutu, kuma bai zo da bakinsa a rufe ba.

Haka aka yi ta yi har aka tashi. Su ɗaga, ya ce giwa, a kauce, ya kama, a juyo a dube ni. Tun ina sunkuyar da kai har na fara ɗaga hannu ina amsawa. Ba su ci mu ba. Mu ma ba mu ci su ba, don 'yan gabanmu ko an ba su raga biyu ba za su same ta ba, amma wannan ba ɗana ba ne a ciki, wani uban ya hau kamiyo. Direkta ya ce wa yaron gefensa ya kwance takalmi.

Sani yana aji yanzu haka, yana ta haddar jarrabawa. Ba mai ce masa Rariya. Da na koka wa uwarsa cewa suna ya tashi daga kan yaro, wani ya sauka a kaina, yanzu Giwa ake ce mini, ta dube ni daga wannan gefe zuwa wancan ta ce, "Alhaji, ai kai ya fi yi wa daidai."

Ɗazu ina auna wa wasu Fulani biyu shadda, wani mai wucewa ya leƙo ya ce, "Giwa, ina kwana?" Kafin in amsa, ɗaya ya yi gabas ɗaya ya yi yamma, suka bar ni tsaye da almakashi.